Likkafanin da Inna Ta Kaɗa wa Kanta

Tun kuna ƙanana kuke cewa Gwaggonku Kulu ba ta son uwarku. Na ji ku da kunnena, ba sau ɗaya ba, kuna ƙus-ƙus a bayan rumbu: ga ta nan ta zo, ba za ta ci tuwonmu ba, ba za ta kwana ba. Na ji, na yi kamar ban ji ba, domin maganar ta rufa mini asiri. Yanzu Yaya Kulu tana ƙasa, ni kuma gwiwa ta ƙi, ido ya fara ƙi, to bari in rubuta muku abin da ya hana ta cin tuwon gidan nan tun hannuna na iya riƙe bik ɗin rubutu. Uwarku Rabi ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Shekara da shekaru tana ɗauke da kayan da ba nata ba, ba ta taɓa buɗe baki ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke cin raina.

Kun san ni da ajiye-ajiye. Kun sha yi mini dariya a kan albom ɗin hotuna da nake naɗewa cikin tsumma biyu, da katin Baba, kakanku, mai hoton da ya koɗe har ba a gane hanci, da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona wanda ba na ba kowa makullinsa. Ba da wannan hali aka haife ni ba. Ina ɗan lekol, makarantar boko, a Maraɗi Baba ya rasu, da na dawo hutu sai na iske jakinmu ɗaure a gindin bedi, da sabon akumari a bayansa, baƙi-baƙi mai ɗigon fari. Na matsa na duba. Rigar saƙi ce ta kakanmu, wadda Baba ke sawa ranar Sallah kaɗai, ga aikin allurar ƙirjin nan a kan ƙashin bayan jaki. Wai wuyan ya zare, sai wani ƙanen Baba ya ga ba a yi asarar ƙyallen ba. Na tsaya nan na yi kuka kamar ranar aka yi mutuwar, mutanen gida suna dariya, suna cewa boko ya taɓa yaron nan. Daga baya, ina koyarwa, aka tura mu Yamai ƙaro ilmi, na shiga gidan da ake ajiye kayan da, na ga riguna da luru a bayan gilashi, an rubuta musu suna, Turawa na tsaye suna kallo. Wallahi babu wadda ta kai ta kakanmu. Na fito ina huci, na ce in dai ina raye ba za a sake yi wa gidanmu haka ba.

Inna kuwa, kakarku, ba ta taɓa gane wannan ciwo nawa ba. A wurinta tufa ta sawa ce, in ta tsufa a yi wani abu da ita. Tana da wani bargo da ta haɗa da tsofaffin zannuwa, ta jera su hawa uku ta bi da allura layi-layi, kuma kowane ƙyalle ta san mai shi: wannan na aurenta, wannan na goyon Yaya, wannan na wata ƙanwarta da ta mutu wurin haihuwa. Na yi ta roƙonta ta ba ni in ajiye. Wata rana na dawo daga lekol na iske babu shi, ta ba wata mai tallar nono da ta haihu cikin sanyi. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Mushe, bargo don sanyi aka yi shi. Akwatinka na jin sanyi?"

Haka take kira na, Mushe, kamar yadda ƴan lekol ke kiran malaminsu, in tana son ta mayar da ni wurina.

Shekarar da ta dawo hannuna a nan Madarumfa ta soma aikin likkafaninta. Ta sa na bar mata kunya biyu a gefen garkarmu ta bakin tabki, ta shuka auduga. Damina uku tana tarawa. Ita ta gurje, ita ta shiɓe, ita ta kaɗa, zaune a gindin bedin tsakar gida, mazari na juyawa cikin taskira, yatsunta fari fat da alli. Lokacin babu sauran macen da ke kaɗi a unguwarmu, har yara na taruwa kallo. Da zare ya cika sai aka rasa masaƙi. Aka ce akwai wani tsoho, Nomau, a wani ƙauye wajen garin Sarkin Yamma, kusa da inda Yaya Kulu ke aure, amma ya daɗe da naɗe masaƙarsa, ido ya tafi. Inna ta hau amalanke ta je, ta zauna a ƙofar gidansa, ta ce ba ta tashi sai ya karɓa. Ya karɓa. Shi ne abu na ƙarshe da ya saƙa, kuma bayan mutuwarsa ɗiyansa da itacen masaƙar suka yi wa awaki turke.

Ya kawo mata saƙin siriri, faɗin tafin hannu, naɗe kamar faifai. Ita ta haɗa shi tsawo-tsawo da zaren da ta rage. Ranar yanka ƙyallen ta aika aka kira Yaya, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta miƙe a kai ta haɗa ƙafafu, ta ce a auna ta. Uwarku ta ruga ɗaki tana salati. Inna kuwa dariya take, tana cewa Yaya ta bar jan jiki, gawa ba ta da haƙurin jira. Aka fitar da zane, da riga, da kallabi, da manyan mayafai biyu, duk daidai ita, ita kuwa kun san ƴar guntuwa ce. Ta naɗe su da busasshen ganyen bedi saboda ƙwari, ta sa a ƙasan adudunta.

Ni tun da na taɓa farin nan hankalina ya tashi. Ba fari ne mai ɗaukar ido irin na kanti ba, ya ɗan yi launin madara, ga nauyi, ga laushi, in ka ɗaga shi a rana kana ganin inda zare ya yi kauri da inda ya sirance, kamar kana ganin ranakun da take da ƙarfi da waɗanda ba ta da shi. Na same ta ita kaɗai na ce:

"Inna, wannan ba abin ba ƙasa ba ne. Daga shi babu wani, mai saƙar ma ba zai sake ba. Ki bar mini shi, in sayo miki alawayyo mafi kyau a Maraɗi, ko metir nawa kike so."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Uwata da abin hannunta aka rufe ta, kakata haka. Ni ce zan tahi cikin kayan da ban san wanda ya taɓa su ba? Isuhu, tun da na haife ka ban roƙe ka komi ba. Wanga shi na roƙe ka."

Rabon da ta kira sunana na yanka har na manta. Na ce mata to. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake: na ce to, kuma ta ji.

Ta rasu da damina, gero ya fara fitar da kai. Kwana goma sha ta yi kwance, lokotoro ya ce ba wani ciwo ba ne, shekaru ne. Da hantsi ta cika, uwarku na riƙe da kanta. Na buga wa Yaya waya, amma gulbi ya kawo ruwa, kabu-kabu ba ya ƙetarewa, sai ta zagayo. Maza suka tafi gina kabari, zaure ya fara cika. Na shiga ɗakin ni kaɗai, Inna na kwance an ja mata zane har ka, adudun yana wajen ƙafafunta. Da niyyar in fito da likkafanin in miƙa na buɗe, Allah ne shaidata. Amma da na ɗaga shi, warin ganyen bedi ya buge ni, sai na tsaya ina lissafi irin na malamin lekol: kafin la'asar yana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kafin sati gara ta same shi, damina uku da idon Nomau sun tafi a banza, ita kuwa ba za ta sani ba. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, da hankalina na yi. Na cusa shi cikin babbar rigata, na juyo, sai ga uwarku a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa.

"Malam, ina za ka da shi?"

"Ki kama bakinki," na ce.

Ta kama, har yau. Na kulle shi a akwatin ƙarfe, na ba wani maƙwabci kuɗi ya sayo alawayyo a kasuwa.

Yaya ta iso da laka har gwiwa. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta shiga ta yi wa Inna addu'a, ta jawo adudun. Ina tsaye a waje ina jin ƙarar murfin. Ta kira ni.

"Ina farin?"

"Gara ta cinye shi, Yaya. Na buɗe na iske ba abin mora."

"Nuna mani abin da ta rage."

"Na sa a wuta, don kada ki gani ranki ya ɓaci."

Ta riƙa ɗauko sauran zannuwan da ke cikin adudun ɗaya bayan ɗaya, tana warwarewa, tana kaɗewa a gabana, kowanne lafiya lau, ko huda babu. Ta kife adudun, ganyen bedi ya zube, ba ƙasar gara ko kaɗan. Sannan ta ɗago ta dube ni. Na fi son da ta mare ni. A waje hadari na haɗuwa, liman ya aiko sau biyu a hanzarta, gawa kuma ba ta jiran shari'a. Ta ce, "To," ta juya ta karɓi ruwan wanka daga hannun uwarku. Ni na shiga kabarin na karɓi Inna. Sabon alawayyon nan yana ƙara a hannuna kamar takarda, kuma ban taɓa jin ta da rashin nauyi kamar ranar ba.

Da na tsaya nan, wataƙila da Yaya ta mutu da zargi kawai. Amma mai ajiya ba ya iya ajiyewa ya yi shiru. Bayan sadakar arba'in na sa farin a jaka na kai Maraɗi wurin mai hoto, na shimfiɗa shi, na ɗora mazarin Inna a kai, aka ɗauka. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har zaren ana gani. Na rasa inda zan sa shi, sai na soke shi a albom, a bayan hoton Inna, wanda shi kaɗai ne muke da shi nata, na ranar sunanka kai Sani, ta kawar da kai tana hararar mai ɗauka.

Da Sallah Yaya ta zo. Tun mutuwar ba ta sake mini fuska ba, amma tana ci tana sha a gidan. An kawo mata tuwo da nama, ba ta kai ga wanke hannu ba ta ce in ba ta hoton Inna ta gani. Na kawo albom. Idonta ba ya gani daga nesa, sai ta zaro hoton don ta kai kusa da fuska, na bayan ya faɗo mata a cinya. Ta ɗauka. Ta daɗe tana kallo.

"Tsohon hoto ne," na ce, "tun tana da rai na ɗauka."

"Da ranta ba ka isa ka fitar da shi daga ɗakinta ba, balle ka ɗora masa mazarinta. Tashi ka ɗauko."

Ni da nake tsawata wa aji mai yara tamanin, na tashi kamar ɗan shekara bakwai na ɗauko. Ta warware rigar likkafanin a kan cinyarta, ta bi ɗinkin da yatsa, ta kai shi hanci. Na fara yi mata bayani, na kawo rigar kaka da jaki, na kawo Yamai da gilashi, na ce don jikoki na yi, don su san hannun kakarsu. Ta bar ni na zuba har na gaji. Da ta yi magana muryarta a ƙasa take, ko uwarku da ke madafa ba ta ji ba.

"Ashe hoto na iya riƙe maka shi. To mi ya hana ka ɗauka tun tana raye, ka bar mata abinta?"

Ba ta jira ni ba, ta ci gaba.

"Ni na auna ta, Isuhu. Ni na wanke ta. Ina naɗa mata ƙyallen kanti ina ba ta haƙuri a kunne, ina ce mata gara ce, alhali na san ba gara ba ce. Ka sa ni na yi wa gawar uwata ƙarya."

Ta naɗe shi yadda Inna ke naɗewa, ta ajiye a kan tabarma, ta rufe tuwon da faifai, ta yafa mayafinta. Tun daga ranar ba ta sake sa lomar gidan nan a bakinta ba. Ba ta yanke zumunci ba, tana tsoron Allah: ta zo sunayenku da suka biyo baya, ta zo auren Hadiza, ta zo duba ni da na karye. Amma takan zo da furarta a buta, ta koma kafin magariba. Uwarku kuwa kullum sai ta dafa ta kai mata, kullum sai ta ɗauke kwanon yadda ta kai shi, ku kuna gani kuna ƙulla wa Gwaggonku. Ke Hadiza har kin taɓa ƙin gaishe ta, na yi miki faɗan da bai kai zuci ba. Sau nawa na buɗe baki zan gaya muku, sai in tuna yadda kuke kallona, Baba mai gaskiya, Baba da ke dukan mai ƙarya, sai in haɗiye.

Na je wurin wani malami a Maraɗi, inda ba a san ni ba, na ce wani abokina ne ya yi haka. Ya ce jana'iza ta yi, kowane farin ƙyalle mai tsarki ya wadatar, mamaciya ba ta da asara. Na ji sanyi, na fara tattara takalmi. Sai ya ce, amma abokin nan naka ya yi mata alkawari? Na ce ya yi. Ya ce to wannan tsakaninsa da ita ne, ya yi ta roƙa mata gafara, ya roƙa wa kansa. Na dawo da nauyin da na tafi da shi. Abin haushi kuma, farin da na ce don jikoki na ajiye, ban iya nuna wa ko ɗayanku ba. In na nuna sai ku tambayi ko na mene ne. Sau ɗaya a shekara, in kun fita, nakan rufe ƙofa in shanya shi a kan gado in canza masa ganye, kamar ɓarawo da kayan sata.

Bara da aka ce jikin Yaya ya yi tsanani, na sa shi a jaka na hau kabu-kabu. Duk hanya ina shirya magana. Na ce a raina, ga mafita Allah ya kawo: ita ta auna shi, ita ta fi kowa cancanta, in ya shiga ƙasa tare da ita ya koma inda aka yi shi domin ya je. Na iske ta kwance a rumfa, ta rame har na tsorata. Ta sallami ɗiyanta. Na fito da shi na ajiye a gefenta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce in warware babban mayafin. Na warware. Ta miƙo hannu da ƙyar, ta auna shi daga gwiwar hannu zuwa yatsa, tana ƙirgawa a hankali, har ta kai ƙarshe. Sai ta yi ɗan murmushi, na farko da ta yi mini tun rasuwar Inna.

"Kai da iliminka. Inna kanta ta auna. Na fi ta tsawo da kusan kamu guda, ƙafafuna a waje za su kwana. Kai ma bai isarka. Ba shi da kowa, Isuhu, mai shi ta tahi."

Na sunkuyar da kai na yi kuka, tsoho da furfura, a gaban kajin gidan mutane. Na ce ta yafe mini.

"Nawa na yafe, tun da daɗewa. Tuwonka ne dai ya ƙi wuce mani maƙogwaro, ba da gangan ba. Ka ba Rabi haƙuri, na san ta sani, na san ba ita ba ce." Ta numfasa. "Na Inna kuwa ba ni ke da shi ba, balle in ba ka."

Kwana shida bayan haka ta rasu. Da alawayyo aka rufe ta, ita ba ta damu ba, ba ta taɓa roƙon wani abu daban ba. Ni kuma na dawo da jakata yadda na tafi da ita.

To kun ji. Ku je ku duƙa wa uwarku, ku roƙa wa Gwaggonku rahama da sunanta, ku bar faɗin abin da kuke faɗi. Farin yana nan cikin akwatin ƙarfe, a ƙasan takardun aikina. Ban san abin da za ku yi da shi ba, ni ma na rasa, kuma ba ni da bakin da zan bar wa wani wasiyya a kan ƙyalle. Abu ɗaya kawai nake so. In kun buɗe bayan raina, jikokina suka taru suna taɓawa suna cewa kai, dubi aikin mutanen da, kada wanda ya ce musu gadon kakarku ne. Ba ta bar mana shi ba. Ni na ɗauke, tana kwance a ɗakin.